Rainon sijjada a Ɗa'ifa da yadda ake fitar da ita daga sanyi

Mai shukar sijjada a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya, watan Oktoba ne watan aikinsa. A lokacin rana tana da daɗi, dare bai yi tsanani ba, shukar kuma tana kan ganiyarta, ganye ja da kore ya cika tukunya har ya zubo. Ganin haka ne yake sa mutane su saki jiki. Sai Marba'aniyya, wato kwanaki arba'in na tsananin sanyi, ta kama a 7 ga Disamba, wata safiya a fito hoshi, wato tsakar gida, a tarar ganyen ya langaɓe ya yi baƙi kamar dafaffen alayyafo. Daga nan sai a ce ai dama shukar shekara ɗaya ce, haka Allah Ya yi ta. Ni ban yarda da wannan magana ba. Sijjada tana yin shekaru a hannun mutum, muddin ya san abin da zai ɗauka daga jikinta kafin ɗari ya sauko, ya kuma san inda zai ajiye shi.

Ga wanda bai gane shukar da nake nufi ba, ita ce wadda ake ajiyewa saboda ganyenta. Bakin ganyen tsaga-tsaga ne, tsakiyarsa ja ko ruwan hoda ko ruwan hanta, gefensa kore ko ruwan ɗorawa, wani kuma yayyafi-yayyafi. A mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, sijjad ko sijjada za ku ce a miƙo muku. A jikin 'yar takardar da ake sokawa a tukunya za ku ga an rubuta Coleus, wani lokaci Plectranthus ko Solenostemon, domin masana tsirrai sun daɗe suna sauya mata gida kafin su mayar da ita Coleus a 2019. Duk shuka ɗaya ce, kada a ƙara muku ko riyal ɗaya saboda suna.

In kuka murza karanta tsakanin yatsu za ku ji yana da kusurwa huɗu, irin na na'ana'a da ɗoɗɗoya, don danginsu ɗaya. Waɗanda suka taso a Najeriya ko Nijar sun ma san 'yan'uwanta na kusa, wato tumuku da rizga. Goggona, Allah Ya jiƙanta, da ta fara ganinta a gidanmu sai da ta tona gindin tukunyar da yatsa tana neman 'ya'ya. Wannan ba ta ajiye komai a ƙasa, mu kuma ba ma cin ganyenta. Ta ado ce, a nisanta ta da bakin ƙananan yara da na kyanwa.

Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, ƙasashen da mu a nan muke haɗa su mu ce Jawa, har zuwa arewacin Ostireliya. Daga tsibirin Jawa aka kai ta Turai a 1851, can aka yi ta haɗa iri har launuka suka yawaita. Can inda asalinta yake ɗumi ne da laima shekara zagaye, shi ya sa ba ta da wata dabarar kare kanta daga sanyi. Rumman da inabin Ɗa'ifa suna zubar da ganye su kwanta har sanyi ya wuce. Ita jikinta duk ruwa ne, ba ta san kwanciya ba. Dare ya sauka ƙasa da digiri 15, girmanta ya ragu. Ya sauka ƙasa da 10, ta fara jin jiki, ganye ya fara zuba. In ya taɓa sifiri, dare ɗaya ya ishe ta. Garinmu kuwa yana kan tudu kusan mita 1,900 daga teku, daren Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10, mutanen Shafa da Hada da suke kan duwatsun gefen gari kuma sun fi mu sha.

Bari in fara da rainonta a lokacin da take jin daɗi, domin shukar da aka wahalar da ita da rani ba ta ba da reshe mai kyau.

In za ku saya, ku saya a ƙarshen Maris ko Afrilu. Ku bar doguwar nan mai fure a kai, ku ɗauki gajeriya mai rassa da yawa tun daga gindi. Ku juya ganyen ku duba bayansa, ku leƙa hammatar ganye inda ya haɗu da kara. In kun ga wani fari-fari a maƙale, ku ajiye ta ku wuce gaba, har da na kusa da ita. Tukunya kuwa ko ta roba ce ko ta yumɓu, wajibi ne ta zama da huda a ƙasa. Tukwanen ado masu ƙyalli da ake sayarwa ba huda sun kashe sijjada fiye da sanyi. In kuna son su, ku sa shukar a ta roba mai huda, ku zura ta a cikin ta adon, kuna ɗagawa kuna zubar da ruwan da ya taru.

Ƙasar da nake haɗawa kashi biyu bitmos ce, baƙar ƙasar shukar nan mai laushi da ake sayarwa a buhu, kashi ɗaya birlait, farin tsakuwar nan mara nauyi, sai ɗan ruɓaɓɓen takin tumaki da ya kwana biyu ya daina wari. In babu birlait, yashi mai tsakuwa da aka wanke ya wadatar. Jar ƙasa zalla ba ta yi, tana daskarewa ta hana saiwa numfashi. Ɗanyen taki kuma ƙona saiwa yake yi, komai ƙanƙantarsa. Lokacin girma ina ba ta takin zamani mai narkewa a ruwa, wanda aka rubuta 20-20-20 a jikinsa, rabin abin da aka ce a kwalin, sau ɗaya a mako biyu. In taki ya yi yawa ganye yakan yi faɗi amma launin ya dusashe, kore ya rinjaya.

Ruwan famfonmu na teku ne da aka tace a Shu'aiba, bakin Bahar Maliya, aka turo shi kan dutse, kuma sijjada ba ta ƙinsa. Wanda ake jin tsoro shi ne ruwan rijiya mai gishiri da wasu motocin wayit, wato tankokin ruwa, suke kawowa. Alamarsa farin ɓawo a bakin tukunya da ƙonewar gefen ganye. Wanda yake fama da wannan ya tara ruwan da yake ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba shi da gishiri, kuma kyauta ne. Sau ɗaya a wata a kwarara wa tukunyar ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke abin da ya taru.

Maganar rana ita ce aka fi samun saɓani a kai. Wasu su ce shukar inuwa ce, wasu su ce akwai irin da yake jure rana. Duka biyun gaskiya ne, amma waɗanda suka rubuta wa iri "mai jure rana" ba ranar Hijaz suke nufi ba. Abin da na gani yana yi shi ne hantsi, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe goma, sannan inuwa mai haske har yamma. Jikin bangon da yake kallon gabas ya fi ko'ina. Shukar da kanta za ta gaya muku: in rana ta yi mata yawa launin yakan koɗe, ganye ya yi fari-fari ya ƙeƙashe a gefe, in ta yi kaɗan, jan ya gudu, gaɓoɓi su yi nisa da juna, ta miƙe tana neman taga. Masu duhun launi, ruwan hanta da ja mai kauri, sun fi jure rana. Masu ruwan ɗorawa da fari su ne farkon ƙonewa.

Sai tsinke kai. Da zarar reshe ya yi gaɓa huɗu ko biyar, a sa farce a cire ɗan tohon da yake can ƙoli. Daga hammatar ganye biyun da suke ƙasa da wurin sai rassa biyu su fito, su ma in sun yi tsawo a tsinke su. Haka ake samun tukunya cikakkiya. Na san da ciwo a cire toho mai kyau, musamman ga wanda ya sayi shukarsa jiya, amma wanda bai tsinke ba sanda ɗaya zai samu da ganye a kai. Furen ma, wani siririn zangarniya mai shuɗi-shuɗi, a cire shi tun yana fitowa. In aka bar ta ta yi fure ta ɗaura iri, ƙarfinta can yake tafiya, ganye ya ƙanƙance, shukar ta kama hanyar tsufa.

Yanzu ga ainihin aikin. Shawarata ita ce kada ku ɗora burinku a kan tsohuwar shukar. Ku yanki rassa daga jikinta tsakanin farkon Oktoba da tsakiyarsa, ku raini 'ya'yan a ɗaki, su ne za su ga bazara. Dalilina uku ne, kuma duk na gan su da idona. Ƙaramar shuka ba ta cin wuri, tukwane goma za su zauna a bakin taga ɗaya. Sabon jini ya fi tsoho jure ƙarancin haske. Sannan reshe ɗan santimita goma ana iya duba shi ganye-ganye a tabbatar babu ƙwaro, abin da ba ya yiwuwa da uwar da ta kai gwiwa. Ƙari a kan haka, reshe yana fitar da launin uwarsa sak. Iri ba ya yin haka. In kuka tara irin jar sijjadarku kuka shuka, abin da zai fito sai dai ku karɓa yadda ya zo.

Ku shayar da uwar da daddare, ku yi yankan da sassafe lokacin da karan yake cike da ruwa. Ku zaɓi reshen da bai yi fure ba, mai taushi amma ba sabon toho ba, tsawon santimita 10 zuwa 12, mai gaɓa uku ko huɗu. Da sabuwar reza ko almakashin da aka goge da sifirit, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura, za a yanka, dab da ƙasan gaɓa, domin daga gaɓar ne saiwa ta fi saurin fitowa. Almakashi mara kaifi yana murƙushe karan, wurin kuma shi ne yake fara ruɓa. Ku zage ganyen ƙasa duka, ku bar biyu ko huɗu a sama. In ganyen manya ne, ku rage kowanne da rabi, don reshen da ba shi da saiwa ba zai iya shayar da babban ganye ba.

Kwalaben jibna, wato cuku, da muke wankewa mu ajiye su ne suka fi dacewa, kofin shayi ma yana yi. Ruwa ya rufe gaɓa ɗaya ko biyu, kada ganye ko ɗaya ya nutse. Kowane launi da kwalbarsa, kuma kada a cusa fiye da uku a kwalba ɗaya, saiwoyin suna sarƙewa, wajen rabawa su tsinke. A ajiye inda haske yake amma rana ba ta dukan gilashin, a riƙa sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku. A ɗumin Oktoba, cikin mako ɗaya zuwa biyu za ku ga fararen saiwoyi sun ɓullo. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan watan. Reshen da aka yanka a Disamba yakan yi makonni a ruwan sanyi bai motsa ba, sau da yawa gindinsa ya yi baƙi kafin saiwa ta zo. Ku yanki fiye da abin da kuke bukata, uku ko huɗu daga kowane launi. Wani zai ƙi, abin da ya ragu kuma maƙwabta suna so.

In saiwa ta kai santimita 2 zuwa 4, lokacin dashe ya yi. Mutane suna son su bar ta ta cika kwalba don tana da kyan gani, amma saiwar da ta yi tsawo a ruwa ba ta saba wa ƙasa da sauƙi. Ƙaramar tukunya za a nema, mai faɗin santimita 8 zuwa 10. Robar zabadi, wato yogot, da aka huda da ƙusa mai zafi ta isa. Babbar tukunya ga ƙaramin reshe haɗari ce da sanyi, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan zauna jiƙe har ta yi tsami. A yi rami da yatsa, a zura reshen a hankali, a tura ƙasa ba tare da dannawa da ƙarfi ba, a shayar, a bar shi a inuwa kwana uku zuwa huɗu. Zai ɗan yi yaushi, daga baya ya miƙe. Akwai masu soka reshen kai tsaye a jiƙaƙƙen bitmos su kifa masa farar leda, wannan ma yana yi, saiwarsa ma ta fi ƙarfi. Na fi son ruwa ne don ina ganin abin da yake faruwa. Akwai kuma masu barin rassan a kwalba har sanyi ya fita. Wasu sukan rayu, amma suna fitowa a rame, ban ba kowa wannan shawarar ba sai wanda ba shi da wurin tukunya sam.

To ita uwar fa? Yawanci ina barinta a hoshi ta yi ado har inda kwananta ya kai. In kuwa wata ce da kuke ji da ita, ku rage mata tsawo da kashi ɗaya cikin uku a farkon Nuwamba, ku wanke ganyenta sama da ƙasa da ruwa, ku shigar da ita tun dare bai sauka ƙasa da digiri 12 ba. Kada a jira sai ta ji sanyi sannan a ɗauko ta da gudu zuwa ɗaki mai ɗumi, wannan sauyin kansa yana zubar mata da ganye. Ku ware ta daga sauran shuke-shuken ɗaki na mako biyu har ku tabbatar ba ta shigo da baƙi ba. Ko da an yi duk wannan za ta zubar da ganyen ƙasa, ba abin tayar da hankali ba ne.

Wurin ajiya a cikin gida shi ne abin da yake ba mu wahala a nan, saboda yadda ake gina gidajenmu: tagogi ƙanana, gilashi mai duhu ko mai hazo, ga labule mai kauri. Da sanyi rana tana karkata kudu, don haka tagar kudu ita ce ta farko, sai ta gabas. Wanda ya zo daga gida Najeriya ya lura, a Ɗa'ifa alƙibla yamma take. In kun fuskance ta, kudu yana hannunku na hagu. Ranar sanyi ta bayan gilashi ba ta ƙona ganye, a bar su su sha. Ana juya tukwanen kaɗan duk bayan 'yan kwanaki don kada su karkace gefe ɗaya. In gidan ba shi da taga mai haske, farin ƙwan LED a rataye shi tazarar santimita 20 zuwa 30 daga kan ganyen, a kunna awa 12 zuwa 14 a yini. Ba ya cin wuta, kuma ya fi a zuba musu ido suna miƙewa suna koɗewa.

Gilashin da ya ba su haske da rana shi ne yake ba su sanyi da dare. Bayan isha'i a ja tukwanen baya, ko a saki labule tsakaninsu da tagar, kada ganye ya kwana manne da gilashi. Tayil ma sanyi gare shi, yana hawa ta gindin tukunya ya kama saiwa. A shimfiɗa katako ko kwali mai kauri. A nisanta su da ƙofar da ake yawan buɗewa zuwa waje, a kuma nisanta su da daffaya, wato na'urar ɗumama ɗaki, domin zafinta busar da iska yake yi. A gidana tagar kicin ce ta fi karɓarsu. Akwai ɗumin girki, akwai tururi, kuma ido yana kansu kullum.

Ban ruwa da sanyi shi ne inda aka fi yin asara, kuma masu kula ne suke yinta, ba masu sakaci ba. Hannun da ya saba shayarwa kullum da rani ba ya son tsayawa. Amma shukar ta rage sha, ƙasa ba ta bushewa da wuri, saiwa ta zauna cikin sanyi da laima, sai ruɓa. Ku soka yatsa har gaɓar farko. In akwai danshi ku bari. Ko ku ɗaga tukunyar, nauyinta zai gaya muku. Sau da yawa sau ɗaya a mako ya isa, wani lokaci har kwana goma. Da safe ake shayarwa, da ruwan da ya kwana a ɗaki, domin wanda yake saukowa daga tankin saman bene a Janairu ko hannu ba ya jure shi. Bayan rabin awa a zubar da abin da ya taru a faranti. Taki kuwa a ɗauke shi gaba ɗaya daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu.

Ga wani abu da yake ruɗar mutane. Sijjada mai ƙishi tana yaushi, wadda saiwarta ta ruɓe ita ma tana yaushi, a ido iri ɗaya ne. Bambancin yana cikin ƙasa. In ƙasar a bushe take, a ba ta ruwa, cikin awa ɗaya ko biyu za ta miƙe. In a jiƙe take kuma ganye yana rataye, ƙarin ruwa ƙarasa ta zai yi. A duba gindin karan. In ya yi baƙi ya yi laushi, a yanke kan da yake da lafiya nan take a sa a ruwa a wuri mafi ɗumi a gidan, a zubar da sauran har da ƙasar.

Ƙwari biyu ne suke addabarta a ɗaki. Na farko farin ƙwaron nan mai gari-gari a jiki, wanda a ido sai a ɗauka ɓurɓushin auduga ne, yana maƙalewa a hammatar ganye yana tsotsa. In kaɗan ne, a jiƙa auduga da sifirit a goge su ɗaya-ɗaya, a sake dubawa bayan mako, domin ƙananan suna ɓoyewa. Na biyu wani ɗan mitsitsin jan gizo-gizo ne da busasshiyar iska take kawowa. Ba a cika ganinsa ba, sai dai a ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari, da siririyar yana a bayansa. Wannan ruwa ne maganinsa na farko: a kai tukunyar banɗaki, a karkata ta, a wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗumi-ɗumi. In sun dage, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa, a ɗauraye bayan awa ɗaya. Man darbejiya da ake samu a mashtal shi ma yana yi, da yamma ake fesa shi. Kowanne za a yi, a fara gwadawa a ganye ɗaya a kwana, don ganyen sijjada ba ya son abu mai ƙarfi.

In kuma an makara, sanyi ya riga ya buge ta a waje, kada a yi saurin zubarwa. A shigar da ita wuri mai sanyi-sanyi, ba gaban daffaya ba, a bar ta kwana biyu har wurin da ya mutu ya bayyana. Sannan a bi karan da yatsa daga sama zuwa ƙasa, a yanke duk inda ya yi laushi har a kai ga mai tauri kore. Ko gaɓa biyu suka rage tana iya tohowa. A rage ruwa sosai, tunda babu ganyen da zai sha.

Duk wannan lissafin mutanen tudu ne, mu da Abha da Baha, da Tabuk inda abin ya fi tsanani. Makka da Jidda da Jizan nasu a juye yake. Daren Janairu a Makka yana wajen digiri 18 ko 19, wato lokacin da tamu take ɓoye a kicin, tasu tana walwala a baranda. Abin da yake kashe tasu shi ne zafin Mayu zuwa Satumba, lokacin da rana take wuce digiri 40 kuma iska mai zafi tana busar da ganye cikin yini ɗaya. Su a Afrilu ya kamata su yanki rassansu, su raine su a ɗaki nesa da bakin mukayyif, su fito da su a Oktoba bayan zafi ya karye. Wadda za ta zauna a waje sai inuwa cikakkiya da ruwa safe da yamma, kuma ba a baƙar roba ba, don tana dafa saiwa. A kula da ruwan tanki da rana tsaka, yakan fito da zafin da zai ƙona hannu. Mutanen Madina da Riyad kuwa duka biyun suke sha, zafi da sanyi, sai su yanka sau biyu a shekara, ko su mai da ita shukar ɗaki kawai.

Wannan bambancin ya zame mana alheri ni da Yayata da take Makka. Manyan tukwanena da ba na son rasawa, ita nake aika wa kafin Marba'aniyya, in zafi ya taso kuma ta turo min nata. Takan kira ta ce, "Ƙanwata, 'ya'yanki sun fi nawa cin ruwa, me kike ba su?" In ce, "Yaya, iskarku ce mai ɗumi, ki ƙara musu." Tafiyar ba ta fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba ta hanyar Hada, in an rufe ta saboda hazo ko ruwa sai a bi ta Sail. Rassan sijjada suna karyewa da wuri a kwanar dutse, don haka a sa tukwanen a kwali, a cusa jarida tsakaninsu, a ajiye a ƙasan mota maimakon but. Duk mai ɗan'uwa a ƙasa ya gwada wannan, ya fi kowace dabara sauƙi.

Fitowa da su kuma ba a gaggawa. Marba'aniyya tana fita a tsakiyar Janairu, zangon sanyi na biyu, Shabaɗ, ya karɓa, sannan na ƙarshe, Aƙarib, daga 10 ga Fabrairu. A Aƙarib ne rana take fara ɗumi har mutum ya ɗauka an gama, alhali dare yana nan da sauransa, wani lokaci har da ƙanƙara. Abin da za a yi a Fabrairu shi ne a tsinke kawunan da suka miƙe a ɗaki, a sa su a kwalba, ga ƙarin shuka nan. Ni alamar da nake bi ita ce wardi, furen nan mai ƙamshi da ake nomawa a nan: in aka fara tsinkar furen a gonakin Hada da Shafa, wajen ƙarshen Maris, dare ya fara zama sama da digiri 12, to sai in fara. Kwanakin farko awa biyu a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa, a mayar da su ciki. Ana ƙara lokacin kaɗan-kaɗan, a bar su su ɗanɗani hantsi, sai bayan kamar kwana goma su fara kwana a waje. Ganyen da ya girma a ɗaki ba shi da kauri, in aka fitar da shi rana kai tsaye yini ɗaya zai ƙone.

Bayan sun saba ne za a sauya musu tukunya, zuwa wadda ta fi ta da faɗi da yatsa biyu ko uku, ko a haɗa uku a babba mai faɗin santimita 30. A binne karan ya ɗan fi yadda yake a da, domin gaɓar da ta shiga ƙasa za ta fitar da sabuwar saiwa. Taki sai bayan mako biyu da dashen, a fara da rubu'in abin da aka rubuta a kwali.